Inna, Sun Raba Habu da Tanda

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajara mai wainar bakin tasha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da durƙuso har ƙasa yadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa sallamata ta same ki cikin rahama da yalwar makwanci. A makaranta an ce mana idan za a rubuta wa babba wasiƙa, sai a fara da tambayar lafiyarsa da ta iyali da gajiyar aiki. Ke kin huta da gajiya. Ni ce zan ba ki labarin gida, kuma ki yi haƙuri, labarin ba mai daɗi ba ne.

Dalilin rubuto miki shi ne Habu, autanki. Yana raye, bari in fara da wannan kada hankalinki ya tashi. Amma ya bar makaranta, ya bar gida, yana can bakin daji tare da 'yan sa-kai, da bindiga rataye a kafaɗa. Yaron da ko kaza aka ce ya riƙe a yanka sai ya kau da kai. Na rasa wanda zan gaya wa ya ji abin da nake ji. Baffa Tanimu, ƙanin babanmu da ya zama uba gare mu, murna yake yi. Maƙwabta barka suke yi mini. Shi ya sa na zo gare ki, a nan cikin waya inda kowa zai leƙo ya karanta. Su karanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun da aurena ya mutu na dawo ɗakinki, ni na gaji wurinki a bakin tasha. Tandarki ce har yau, da kujerarki 'yar tsugune, da kwanon yajin nan mai lotsattsen murfi. Direbobin da suka san ki suna zuwa, suna ci, suna yi mini ƙarya wai hannuna ya kusa kamo naki. Da ni da su duk mun san wanda ya gaji hannunki a gidan nan, kuma ba ni ba ce. Wainata har gobe sai ta yi baƙin gindi.

Kin tuna shi yana ɗan mitsitsi, ya tsuguna gefenki da majina a hanci, idonsa kur a kan tanda? Sauran yara na can suna harbin ƙadangare, shi yana nan yana miƙo miki mai. Shi ke kai markaɗe, shi ke dangwalar ƙullu ya ce sukari bai ji ba, kuma in kika ɗanɗana sai ki tarar da gaskiyarsa. Har kika sayo masa 'yar ƙaramar tanda tasa ta kansa ranar da kika je suna Tsohon Birnin Gwari. Kina ce masa, "Waina ba a juya ta don an gaji da jira, sai ta kira ka." Ni ban taɓa jin kiran ba. Shi kuwa ko ya ba ta baya yana ji.

Matan unguwa suka sa ki gaba, wai za ki mayar da yaro ɗan daudu. Ba na manta amsar da kika ba su kina firfita wuta, ko ɗago kai ba ki yi ba: "Cikin namiji ba ya jin yunwa ne? Ko ranar da matarsa ta haihu duwatsu zai tauna?" Aka yi dariya aka watse. Haka in ya faɗi ya kurje gwiwa, maza a tasha suna ta "kai, namiji ba ya kuka", ke sai ki jawo shi jikin zaninki ki ce, "Yi abinka, ido ma yana son wanka."

Ranar da aka fita da ke, yana aji ɗaya a sakandare. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ya cije, yanzu shi ne namijin gidan. Ya cije kuwa. Sai da aka yi sadakar uku na same shi a madafi ya cusa ɗanyen itace a murhu da gangan, hayaƙi ya turnuƙe, hawaye na zuba, yana ce mini hayaƙi ne. Na ce masa lallai itacen nan bai bushe ba, na zauna kusa da shi, hayaƙin ya shiga nawa idon ni ma.

Bari in tuna miki yadda makarantar take, don ke ba ki taɓa wuce bakin ƙofarta ba. Da safe mata ke shara, maza ke saran ciyawa da langalanga. Haka muka tarar, haka na bari da na gama. Akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowane ɗalibi ya san ta. Duk namijin da aka ga hawayensa, ko bulala ce ta sa shi ko mene ne, sai a karɓe langalangarsa a filin asambuli, a miƙa masa tsintsiya, a tura shi layin mata ya yi shara tare da su har mako ya ƙare. Yara maza sun fi tsoron tsintsiyar nan a kan dorina. A zamaninmu na ga yaro ya ciji leɓensa har jini don kada a miƙa masa ita, mu mata muna ta tafi da shewa kamar wani abin kirki ake yi.

Habu ya lallaɓa ya kai aji biyar bai taɓa karɓar tsintsiya ba. Ya iya ɓoye kansa. Girkinsa a cikin gida yake yi, a rufe ƙofa. In zai taya ni a tasha sai da sassafe kafin 'yan makaranta su fara wucewa.

To, bara da kaka, lokacin cire masara, Baffa ya tafi da shi gonarsa ta hanyar Randagi, shi da abokinsa Yusha'u. Ba ki san Yusha'u ba, bayanki suka zo. Iyayensa sun gudo daga ƙauye ne suka kama ɗaki a bayan gidanmu. Yaro ne mai surutu da dariya, shi kaɗai ya san Habu na girki, kuma bai taɓa tona shi ba sai dai ya cinye ya suɗe kwano. Baffa ya dawo gari neman buhuna, kafin ya koma mutanen daji sun zo a kan babura sun kwashe yaran da 'yan ƙwadagon da ke gonar.

Ba zan ba ki labarin yadda aka yi aka karɓo shi ba. Fadamarki dai ta tafi, kuma na san da kina nan da hannunki za ki miƙa ta. Ya dawo bayan an gama girbi, ƙafafu a kumbure, wuya kamar na zakaran da ya yi jinya. Shi kaɗai cikin su biyun. Gida ya cika, ana ta barka da arziki, maza na bubbuga bayansa suna cewa namijin duniya, ka ga wanda ya shiga daji ya fito. An tambaye shi ko sun doke shi, an tambaye shi su nawa ne, wace irin bindiga suke riƙe da ita. Ban ji wanda ya tambaye shi yadda zuciyarsa take ba.

Abin da na fara lura da shi, ya daina kusantar wuta. In na soya albasa sai ya fita da gudu ya yi amai a bayan ɗaki. 'Yar tandarsa ya kife ta ƙarƙashin gado. Ba ya cin abinci sai gaya, ba miya. Yana zaune sai ka ga ya zabura ba abin da ya taɓa shi. Ka kira sunansa sau nawa, yana kallonka, amma ba ya nan.

Sau ɗaya tak ya ba ni labari. Da hantsi ne, ina wanke shinkafar gobe a tsakar gida, ya zo ya zauna ya ba ni baya. Ya ce a dajin sun tambaya wa ya iya girki, Yusha'u ya nuna shi, don ya san mai girki ba a cika dukansa ba. Shi ya riƙa dafa musu, yana ɓoye ƙanzo yana ba sauran. Sai Yusha'u ya taka kututture, ƙafar ta ruɓe, ranar da za su tashi daga wurin ya kasa tafiya. Suka ja shi bayan wani dutse. Habu na kan tukunya ya ji ƙarar bindiga. Ya ce mini, "Yaya, shinkafar ba ta nuna ba, sai na ci gaba da iza wuta." Suka dawo suka ci, har ɗaya ya ce bai taɓa cin dafa-duka mai daɗin ta ranar ba. Bai yi kuka a can ba don mai kuka dukansa suke yi. Da yake gaya mini ma bai yi ba, hannuwansa kawai yake ta kallo.

Na je na sami Baffa. Ya ce iska ce ta daji ta shafe shi, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Ya sha, mun gode wa malamin, Allah Ya saka masa, amma zaburar ba ta daina ba. Na ce to a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Baffa ya harare ni ya ce, "So kike a ce a gidanmu akwai mahaukaci? Namiji ne, zai ware." Ko da ya yarda ma, Inna, likitan yana Kaduna. Yaron da tsoron daji ke cinye shi, sai an ratsa da shi ta cikin dajin nan kafin a kai ga mai magani. Da na yi masa zancen hanyar, jikinsa ya ɗauki rawa har na yi da-na-sanin buɗe baki.

Aka ce ya koma makaranta ko zai manta. Ashe labari ya riga shi zuwa. Ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon da aka sako tare da shi ya faɗa a majalisa cewa ƙanzon yaron nan ne ya riƙe ransu. Yabo mutumin ya yi, har da sa albarka. Amma kin san magana in ta bi bakuna. Kafin ta isa aji biyar ta zama wai Habu ne uwargidan daji. Da ya shigo sai a fara, uwargida ran gida, yau me aka dafa wa maigida. Wasu na yi masa tafiyar rangwaɗa a baya. Cikin masu yin har da yaran da aka kashe musu iyaye a hanyar nan, waɗanda na ɗauka su za su fi kowa gane shi.

Ana cikin haka wasu mata suka zo daga birni, 'yan wata ƙungiya, wai sun zo tattaunawa da ɗalibai a kan firgici da damuwa. Da na ji na yi hamdala, na ce Allah Ya kawo mana likita har gida. Ashe 'yan mata kaɗai aka tara musu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka suka ce, kuma wallahi ban ƙi ba, yaran nan mata sun ga abin da baki ba zai faɗa ba. Maza kuwa aka sa su jido bencina suka jera, da suka gama aka ce su ɗauki langalanga su tafi bayan aji. Duk makarantar nan Habu ne ya kwana a hannun mutanen daji ya dawo, shi ne kuma aka tura saran ciyawa.

Kin san abin da ya yi? Ya zaɓi ciyawar da ke ƙarƙashin taga. Yana sara a hankali yana saurare. Da ya dawo gida na gan shi zaune a bakin rijiya, ya dafe ƙirji, yana jan numfashi yana saki sannu-sannu. Na ce lafiya? Ya ce haka ya ji ana koya wa mata, wai in abin ya taso haka ake yi. Ya ce sauran bai ji da kyau ba, don an turo tagar. Inna, ɗanki satar magani ya yi ta taga, kuma rabi ya samu.

Mutum ɗaya ce ta gan shi a makarantar nan, Malama Ladi mai koyar da girki da kula da gida. Gbagyi ce, gajeruwa, mai faɗan tsiya, irin matan da kike cewa a bar su da halinsu don gaskiya ke sa su zafi. Ta daɗe tana rigima da shugaban makaranta a kan a bar maza su shiga darasinta, a bar mata masu so su shiga na aikin katako. Ya gaji da ita ya ce ta je ta yi, in ta sami namijin da zai zo. Ta zo har tasha ta same ni, ta sayi waina ta ce ba daɗi, ta ce in turo mata ƙanina.

Ya je, amma bakin ƙofa yake tsayawa. Ba ta matsa masa ba, ba ta tambaye shi komai ba. Rannan ta sa 'yan mata yin waina, ni ina zargin da gangan ta yi. Suka cika wuta, ƙullu na kamawa, ƙauri ya tashi, suna ta ƙwaƙula da cokali. Ta ce mini tana kallonsa yana ta mutsu-mutsu kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando. Can ya kasa daurewa, ya shigo ya zare itace, ya goge tandar, ya zuba mai, ya tsuguna. 'Yan matan suka zuba masa ido. Ta ce wainar da ta fito ranar ko a gidan biki sai haka.

Ya dawo mini da guda a ƙunshe cikin takarda, rigarsa na warin hayaƙi. Ya ce in ci in ji yadda ake yi, in daina ba direbobi gawayi. Tsokana, Inna! Habu ya tsokane ni! Ranar ya ci tuwo da miya har ya nemi ƙari. Na shiga ɗaki na yi sujada. Na ɗauka mun haye.

Mako bai zagayo ba, ana tsakiyar darasi, ayarin babura na rakiyar amarya ya bi ta jikin katangar makaranta, suna ta tayar da inji da ihu. Kowa ya leƙa taga yana dariya. Da aka waiwayo Habu na ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa, yana kiran sunan Yusha'u. Kukan da ya riƙe tun daga daji, ranar ya ƙwace masa, a gaban aji guda, maza da mata.

Washegari a asambuli Malam Garba, malamin ladabtarwa, ya kira shi gaba. Ya karɓi langalangarsa ya miƙa masa tsintsiya. Yara sun ce har da ƙarin magana malamin ya yi masa: "Girki ka iya, kuka ka iya, saura shara, sai mu nema maka miji." Fili ya ɗauki shewa. Wani ya fizgi ɗankwalin wata ya ɗora masa a ka. Malama Ladi ta fito tana faɗa, aka ce ta koma gefe, wannan harkar maza ce. Ya sunkuya ya yi sharar. Ya share gaban ofis, ya share gindin dalbejiya, kuma bai gaya mini ba. A bakin wata mai sayen waina na ji.

Na bar tanda a kan wuta na tafi. Kin san bakina, ke kika ce da shi aka haife ni kafin haƙora. Na faɗa musu abin da ya sawwaƙa. Shugaban makaranta ya ce in yi haƙuri, gyara shi ake yi, gobe shi zai riƙe gida, in aka bar shi a haka duniya za ta taka shi. Malam Garba yana tsaye a gefe. Da zan fita ya biyo ni ya ce, "Ni ma ƙanina a hanyar nan aka kashe shi, wa ya ga hawayena?" Na dube shi. Idanunsa jajaye kamar garwashi. Na so in tsane shi, wallahi na so, sai na ga shi ma wani Habun ne da ya tsufa a haka. Na rasa wanda zan kama da faɗa, na dawo na tarar da waina ta ƙone ƙurmus.

Daga ranar bai sake sa kayan makaranta ba. Malama Ladi ta zo gida har sau biyu, ya ƙi fitowa. Ya koma zama a rumfar 'yan sa-kai da ke bakin gari. Su ba su ce masa uwargida ba, mazaje suke ce masa. Su ne mutanen farko da suka zaunar da shi suka ce ya ba su labarin daji, sai dai hanya suke tambaya, ina rafi yake, ina dutsen yake, ta ina ake ɓullewa. Ban zarge su ba, su ma gari suke karewa da ransu, kuma da yawansu yara ne da ba su fi shi ba. Suka ba shi layu da guru, suka ba shi wata tsohuwar bindiga harba-ka-ruga. Na fara ganin idonsa na canza launi, na gane har da ƙwayar nan da suke cewa tana kashe tsoro. Zaburar ta ragu, gaskiya. Dariyar ma ta tafi tare da ita.

Na yi roƙo, na yi zagi, na haɗa shi da darajarki. Na ce jarrabawar fita saura shekara guda. Ya ce, "Yaya, in koma in karɓi tsintsiya?" Na je wa Baffa da kuka, ya ce in gode wa Allah, yaron da ake yi wa dariya yau ga shi ana gaishe shi a hanya. A wurin Baffa Habu ya warke.

Ranar da za su tafi sansaninsu na wajen Dogon Dawa, ya biyo ta tasha da safe ya yi mini sallama. Ga layu a damtse, ga bindiga ta fi shi tsawo. Abokan tafiyarsa na kan babura suna jira. Ina ta magana, ban san ma me nake cewa ba, na manta da tanda. Sai na ga hannunsa ya sauka, ya ɗauki cokali ya juya guda ɗaya da ke bakin ƙonewa. Ko kallonta bai yi ba, kiranta ya ji. Sai ya farga. Ya saki cokalin kamar ya taɓa maciji, ya waiga ya ga ko wani ya gani, ya goge hannun a wando, ya haye babur. Na ƙunsa masa waina na bi shi da ita, ya girgiza kai.

Tun daga nan ban sa shi a ido ba. Waya ba ta shiga inda suke. Duk ƙarar da na ji daga wajen daji, duk motar da ta shigo tasha da gudu, sai na miƙe tsaye.

Shekaranjiya mai babur ɗin da ke kai musu kayan abinci ya tsaya cin waina. Yana ci yana ba da labari yana dariya, wai mazajen nan ba abin da ke kashe su kamar girkinsu. Shinkafa rabi ɗanya rabi ƙonanniya, gishiri wuri guda, wake kamar tsakuwa. Na yi ƙarfin hali na ce Habu fa? Ya ce, "Ai ƙaninki ba ruwansa, abin da aka zuba masa shi yake ci. Ranar da aka tambaya wa ya iya girki, shi ya fara rantsuwa bai taɓa riƙe ludayi ba."

Inna, na yi dariya tare da shi don kada ya gane. Da ya tafi na cusa ɗanyen itace a murhu.

Wannan ne ya sa na kasa haƙuri na rubuto miki. Mutanen daji sun riƙe shi sun sako shi da ransa, da hannunsa, da ɗan abin da ya rage. Mu ne nan cikin gari muka ƙarasa. Yaron da ke gane gishiri bai ji ba tun daga ƙamshi, yau yana zaune yana tauna ɗanyar shinkafa ya yi shiru, don kada a ce masa mace. Ina jin tsoron harsashi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko ya dawo da ƙafafunsa, ban san wanda zai shigo mini gida ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kullum da safe suna wucewa ta gabana da langalanga a hannu, wasu ko gashin baki bai fito musu ba. Na san wanda aka yanka ubansa a gabansa, na san wanda ya kwana a kan bishiya. Suna tafe suna ture juna suna dariya da ƙarfi, kowa na gadin idonsa. Na ji an ce Malama Ladi ta nemi a mayar da ita garinsu, kuma ba namijin da ya sake leƙa ajinta. Tsintsiyar tana nan jingine a ofis. Masu karanta wannan za su rubuta Allah Ya kyauta su wuce, na sani, ni ma haka nake yi wa na wasu.

Na ciro 'yar tandarsa daga ƙarƙashin gado, na wanke, na shafa mata mai don kada ta tsage. Ban san ko hankali ne ko wauta ba. Da kina nan da kin san abin da za ki faɗa wa Baffa da Malam Garba a jimla ɗaya, kina firfita wuta, kowa ya kama kansa. Ni sai hayaniya, ba ta kuma tsinana komai ba. Ina kewarki, Innata. Ban taɓa jin maraici irin na bana ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Baba. Allah Ya jiƙan Yusha'u, Ya ba uwarsa dangana. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya buɗe mana hanyoyinmu da gonakinmu. Allah Ya tsare Habu gaba da baya, Ya dawo mini da shi ko ba makaranta, ko ba komai, in dai zai zauna a madafi ya ce mini hayaƙi ne.

Idan kuma Allah Ya ƙaddara ke za ki riga ni ganinsa, Inna, don Allah kada ki ce masa ya yi ƙoƙari, kada ki ce masa namijin duniya. Ya ji wannan ya ƙoshi. Ki matsa masa wuri kusa da ke, ki jawo shi jikin zaninki, ki bar shi ya yi kukansa.

Wassalam.

'Yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barin ki ki kira sunanta ba,
Hauwa'u